Dutsen da Ya Ke da Rai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san murjani, jan dutsen nan da iyayenmu mata su ke ɗaurawa a wuya ran biki. Ni dai har na yi furfura ina tsammani haƙo shi a ke yi kamar kuza a Jos. Sai da tafiya ta kai ni bakin Bahar Maliya a ƙasar Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke can a 2023, kana na gane ashe aikin wata 'yar halitta ne a cikin teku.

Daga birnin Fot Sudan muka shiga mota muka yi kudu kamar kilomita 60 zuwa Suwakin. Tsohon gari ne a kan ɗan tsibiri. Nan ne mutanenmu da yawa masu zuwa haji ta ƙasa su kan shiga jirgi zuwa Jidda, har wa yau kuwa akwai zuriyar Hausawa a wannan gaɓa. Gidajen benaye ne, amma yawancinsu sun zube. Na ɗauki wani gutsuren bango, na ga fari ne, duk huji-huji kamar saƙar zuma. Mai yi mana jagora ya ce daga teku aka sassaro shi, gama da murjani aka gina garin. Shi ne kuma ya taimaka wajen kashe shi. Mashigin tashar ƙunci gare shi, murjani ya tsare ko ina, manyan jirage ba su iya shiga. Sai Ingilishi suka soma gina Fot Sudan a 1905, ciniki ya koma can, aka bar Suwakin ga kyanwoyi.

Kashegari muka hau jirgin masunta zuwa Sanganeb, wani tudun murjani mai hasumiyar fitila, kilomita 25 daga gaɓa. Ni ban iya iyo ba. Aka ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, aka sa mini gilashi a fuska, na riƙe igiya da hannu biyu, zuciyata tana dukan uku-uku, na tsoma kai.

Kai, jama'a! Ga wani abu kamar gari a ƙarƙashina. Waɗansu duwatsun kamar ƙahon barewa, waɗansu kamar faifai, waɗansu kamar ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci. Kifaye kuwa rawaya da shuɗi da ja suna kai da kawowa kamar ran kasuwa.

Ku dubi yadda gara ta ke gina suri, haka abin ya ke. Mai ginin wata dabba ce mai taushi, sau da yawa ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ta kan tsamo alli daga ruwan teku ta yi wa kanta ɗan ɗaki, 'ya'yanta su yi nasu a bisa nata. Fatar sama kaɗai ke da rai, na ƙasa duk kangon kakanni ne. Masu dunƙulen nan ba su ƙaruwa fiye da kamar santimita 1 a shekara. Wannan farin mai gini dangi ne na jan murjanin wuya, amma shi jan daga Bahar Rum a kan samo shi.

Dabbar ba ta ciyad da kanta ita kaɗai. A cikin jikinta akwai wani ɗan tsiro da ido ba ya gani, shi ke yin abinci da hasken rana ya ba ta, ita kuwa ta ba shi masauki. Shi ne kuma ya ke ba ta launi. Domin wannan ba ta zama sai a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi. Babu wani kogi mai gudu kullum da ke zuba laka cikin Bahar Maliya, shi ya sa ta yi daidai da ita. A gaɓar Nijeriya kuwa, inda Kwara ke zubo laka, ba a samun irin wannan gini.

Sauran mazauna garin kowa da sana'arsa. Na ga wani kifi mai baki kamar aku yana gatsar dutsen, har ina jin ƙas-ƙas a cikin ruwa. Gansakuka ya ke nema, dutsen da ya haɗiye kuwa ya fito da shi farin yashi. Na ga wani ɗan siriri yana shiga bakin babban kifi yana tsince masa ƙwari, kamar yadda carki ke yi wa shanu, babban kuwa ya buɗe baki ya tsaya cik. Masana sun ce tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in irin kifayen teku nan su ke samun mafaka.

Ga inda damuwa ta ke. Idan ruwa ya ƙara zafi kaɗan kawai ya daɗe haka makonni, sai dabbar ta kori baƙon nan nata, ta yi fari fat, yunwa ta kama ta. In sanyi bai komo da sauri ba ta mutu, kifi ya watse, masunci ya koma gida da taru wofi. An ga wannan a tekuna da yawa a 1998, da 2016, da kuma 2024. A 2016 ɗin ne UNESCO ta sa Sanganeb cikin wuraren gadon duniya.

Da za mu komo na roƙi mai jirgi ya karyo mini ɗan reshe in kai wa uwargida tsaraba. Ya girgiza kai, ya ce an hana, kuma in ya bar ruwa kwana biyu sai wari. Dabino na saya mata a kasuwar Fot Sudan.