Cin Abinci a Chaozhou: Kifi, Shayi da Teburi Mai Juyawa

Idan kuka ɗauki taswirar ƙasar Sin kuka nemo lardin Guangdong a kudu, sunan da za ku fara ganewa shi ne Guangzhou, birnin da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya. Ku bi gaɓar teku da yatsa zuwa gabas, za ku tarar da birane uku kusa da juna: Chaozhou da Shantou da Jieyang. A dunƙule ana kiran yankin Chaoshan. Mutanen wurin su ne Teochew, ana furta sunan kamar "Tiyo-ciu". Suna da harshensu na kansu wanda mutumin Guangzhou ko na Beijing ba ya ji sai ya koya, kuma sun yi suna a kan abu biyu, fatauci da iya girki. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta saka Chaozhou cikin jerin biranen duniya da suka shahara da fasahar abinci.

Sana'ar Baba ce ta kai mu can. Tangaran yake sarowa, irin farantai da kofunan da ake jerawa a ɗakin amarya, kuma Chaozhou cike take da masana'antun tangaran. A hutun ƙarshen zango ya tafi da mu duka, da Umma da Autarmu. Daga Guangzhou jirgin ƙasa mai sauri ya kai mu cikin kimanin awa uku.

Da rana muka zaga tsohon gari. Mun taka gadar Guangji da aka fara ginawa a 1171 a kan kogin Han. Tsakiyarta kwale-kwale 18 ne aka ɗaure da juna, da yamma a kwance su domin jiragen ruwa su wuce. Shi kuwa kogin ya samo sunansa daga Han Yu, wani malami kuma jami'in gwamnati da sarki ya yi fushi da shi ya turo shi nan a shekarar 819. Bai cika shekara a garin ba, amma ya farfaɗo da karatu, har mutane suka raɗa wa kogi da dutse sunansa.

Da dare ne abokin kasuwancin Baba ya gayyace mu gidan abinci na gargajiya, shi da matarsa da mahaifiyarsa da 'yarsa mai karatu a jami'a, wadda ta zama tafintarmu. Kawu muke kiransa, domin su ma a al'adarsu yaro ba ya kiran babba da sunansa.

Gayyatar ta zo da damuwarta. Girkin Teochew yana amfani da naman alade da kitsensa, wani lokaci da 'yar giya a cikin miya. A wajen Sinawa kuma ƙin cin abincin mai masauki abu ne mai nauyi, kamar yadda yake a wajenmu. Umma ta ce, "Alhaji, in aka kawo abin da ba ma ci fa? Mu kunyata mutumin a gaban uwarsa?" Baba ya ce ta kwantar da hankalinta. Tun kwana biyu kafin nan ya aika wa Kawu saƙo a rubuce: ba alade, ba kitsensa, ba giya, ba naman da ba a yanka ta hanyar Musulunci ba. Kawu ya je da kansa ya gana da mai dafuwa, aka amince za a yi mana girki da man gyaɗa a tukunya wankakkiya, kuma abincin teku da ganye kawai za a kawo. Mun koyi cewa kalmar halal a harshen Sinanci ita ce "qingzhen".

An kai mu wani ɗaki mai babban teburi zagayayye, a tsakiyarsa faifan gilashi mai juyawa. Kowane abinci a kan faifan ake ajiye shi, mai so ya juyo shi gabansa ya ɗiba kaɗan. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ita ce ta girmamawa, aka zaunar da tsohuwa a kai, Baba a gefenta. Ba wanda ya taɓa komai sai da ta ɗaga tsinken cin abincinta.

Shayi aka fara kawowa, kuma Kawu ne ya haɗa da hannunsa. Suna kiran wannan tsari "gongfu", wato abin da aka yi da ƙwarewa da haƙuri. Butar ba ta fi dunƙulen hannu ba, kofunan kuma guda uku ne kacal, kowanne kurɓa biyu ya ƙare. Ya ɗauraye su da tafasasshen ruwa, sannan ya riƙa zagaya bakin butar a kansu domin kada wani kofi ya fi wani ƙarfi. Ko mutum goma ne a wurin, kofi uku ake jerawa: manya da baƙi su fara sha, a ɗauraye, a sake zubawa, mai haɗawa shi ne na ƙarshe. Ganyen daga dutsen Fenghuang yake, arewa da garin. Ba sukari ba madara. Auta ta yamutsa fuska saboda ɗaci, can kuma ta ce tana jin zaƙi a maƙogwaro. Baba ya ce abin ya tuna masa da shayin Buzaye, inda ba a gaggawa.

Abinci na farko kifi ne mai sanyi. An dafa shi da ruwan gishiri aka bar shi ya huce, ana ci ana dangwala shi a wani miyan waken suya da aka tsima, mai ɗanɗano kusa da daddawa. Tafintarmu ta ce asalinsa dabarar masunta ce ta hana kifi lalacewa tun ba a san firji ba, kuma sunansa yana nufin "kifin da ya zama tuwo", domin da shi suke ƙoshi. Bayansa aka kawo ƙaguwa, ita ma dafaffiya mai sanyi, da ruwan tsami na dangwalawa.

Sai babban kifi fari mai faɗi, wanda aka turara da citta da tumatir da awara da ganye mai gishiri da wani ɗan itace mai tsami. Romonsa garau yake kamar ruwa, ba barkono ba jan mai. Yayanmu ya raɗa mana cewa wannan ai abincin marar lafiya ne. Da ya kai loma ɗaya bai ƙara magana ba. A nan muka gane tunanin masu girkin Teochew: idan kifi sabo ne, ba a rufe ɗanɗanonsa da kayan yaji. Shi ya sa suka fi son turarawa da dafawa a hankali, kuma kusan kowane abinci yana zuwa da ɗan kwanon abin dangwalawarsa daban.

Da muka cinye saman kifin, sai Kawu ya zare ƙashin tsakiya ya ajiye gefe maimakon ya juya shi. Zuriyar masunta suna camfa juya kifi a faranti, wai kamar kifar da jirgi ne. An kuma ja kunnenmu kada mu kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake kafa turaren tsinke ga mamaci.

Miyar da ta biyo baya kore ce shar, an yi ta da ganyen dankalin Hausa da aka niƙa. Sunanta "miyar kare ƙasa". Labarin da suke bayarwa shi ne, a ƙarshen daular Song, wajen 1278, wani sarki yaro ya gudo daga mayaƙan Mongol ya fake a wani wurin ibada a yankin. Masu wurin ba su da abin ba shi sai ganye, suka dafa masa, yunwa ta sa ya ji daɗinsa har ya raɗa masa suna. Umma ta ce ita dai miyar kuka take gani.

Akwai abu ɗaya da bai hau teburinmu ba, kuma shi ne abin alfaharin yankin: dinya mai katon kai da ake kiwo a Chenghai, wadda ake dafawa cikin baƙin romon waken suya da kayan ƙamshi. Mun hango ta rataye bayan gilashi a bakin ƙofa. Tsohuwa ta tambaya me ya sa ba a kawo wa baƙi dinya ba, tana ganin kamar ɗanta ya yi rowa. Ɗakin ya yi tsit. Baba ya sa aka fassara mata cewa dinya halal ce a gare mu, yankan ne yake da ƙa'ida a addininmu. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ranar ɗaya da ranar sha biyar ga watan gargajiya ba ta cin nama ko kaɗan. Ta ɗebi tsokar kumatun kifi, wadda suke ɗauka mafi daɗi, ta zuba wa Auta a kwano.

Kusa da ƙarshe aka kawo abin da suke kira "mue", shinkafa ce cikin ruwanta, ƙwayoyin ba su narke ba, ana ci da wainar ƙwai da ganyaye masu gishiri. Kawu ya ce wannan shi ne abincin gida na gaskiya, kuma shi ya bi mutanensu duk inda suka je. Yankin ƙasar noma kaɗan ce, mutane da yawa, don haka ɗaruruwan shekaru suna fita ci-rani cikin jiragen ruwa masu jan goshi. Bayan an buɗe tashar Shantou ga jiragen waje a 1860 fitar ta ƙaru. Yau akwai zuriyarsu masu yawa a Tailan da Singafo da Malesiya da Kambodiya. Sarki Taksin da ya hau mulkin Tailan a 1767, mahaifinsa ɗan wannan yanki ne. Attajirin Hong Kong Li Ka-shing a Chaozhou aka haife shi a 1928, kuma da kuɗinsa aka kafa Jami'ar Shantou a 1981.

'Yan ci-ranin suna aiko da wasiƙa haɗe da kuɗi zuwa gida, ana kiranta "qiaopi". A 2013 UNESCO ta saka waɗannan wasiƙu cikin kundin tarihin duniya. Tsohuwa ta ce tana yarinya da irin wannan kuɗin ake sayen shinkafar gidansu, kuma wanda ya iya karatu a unguwa shi ke karanta wa kowa wasiƙarsa.

An rufe da kayan zaƙi: gwaza da aka turara aka tuƙa da sukari har ta yi santsi, aka ɗora mata kabewa. A al'ada da kitsen alade ake tuƙa ta, tamu da man gyaɗa aka yi. Wajen biyan kuɗi Baba da Kawu suka yi ta ja-in-ja kamar a Kano, ashe Kawu ya riga ya biya tun kafin mu zauna.

Wata rana karatu ko kasuwanci zai kai wasunku irin wannan teburi. Ku faɗi abin da ba ku ci tun kafin ranar, a rubuce cikin harshen masu gida. Ku tambayi man da aka yi girki da shi da abin da ke cikin romo, domin a nan kitse da giya suke ɓuya. Ku guji ɗanyen abincin teku da ake jiƙawa a romo, wanda ake sayarwa sosai a yankin, saboda yana iya ɓata cikin baƙo. Kafin nan, ku gwada riƙe fensir biyu ku ɗauki gyaɗa ɗaya daga faranti. Auta ta iya a kwana uku.