Tsohon Kenitra da Barikin Jiragen Sama

A cikin 2009 Allah ya nufe ni da zuwa Maroko ƙaro ilmin Larabci a Rabat. Wata ranar hutu na shiga jirgin ƙasa zuwa Kenitra, wani gari a bakin kogin Sebu, arewa da Rabat. Ina zaune ina shan shayi sai wani tsoho ya gaishe ni da Turanci irin na Amurkawa, har da maganar hanci. Na ce, "Baba, ina ka samo wannan?" Ya nuna wajen kogi da sandarsa, ya ce, "Can, a bariki."

To, ga asalin barikin. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, ƙasar tana hannun Faransawa, garin kuwa Port Lyautey ake ce da shi. Ran 8 ga Nuwamba 1942 sojan Amurka suka sauka a Mahdiya, inda kogin ya shiga teku. Bayan kwana biyu wani jirgin yaƙi mai suna Dallas ya kutso cikin kogin, aka kame filin jirgin sama. Daga nan filin ya zama mazaunin jiragen sama na mayaƙan ruwan Amurka. Aikinsu farautar jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa.

Tsohon ya ce sa'an nan yana ɗan shekara goma, yana taya ubansa wanki da guga a barikin. Tun da asuba su kan jeru a ƙofa, kowa ya nuna takardar shiga. Kafin rana ta fito jirage sun tashi, ƙararsu ta cika gari. Sai bariki ya yi tsit, ba ka jin kome sai ƙwanƙwasar makanikai da hayaniyar masu dafa abinci. Waɗanda ba su fita ba su yi ta karta, ko rubuta wasiƙa gida, ko jiran akwatin wasiƙu. Ya ce shi dai bai ga yaƙi ba, jira ya gani. A Yuni 1944 aka kawo waɗansu jirage kamar ƙatuwar balan-balan, da suka ƙetaro teku daga Amurka. Su ne ke gadin mashigin Jibaralta da dare, sauran jirage da rana.

Da la'asar yara su kan hau tudu su ƙirga jirage masu komowa. Akwai wani saurayi da ya kan ba shi cingam, shi ne kuma ya koya masa ƙirga da Turanci. Wata rana ya goge masa taguwa uku, ya kai ɗaki, ya tarar ana ɗaure kayansa cikin jaka. Ba wanda ya ce masa kome. Ya ajiye taguwoyin bisa gado, ya fito. Da tsohon ya kawo nan sai ya yi shiru, ni ma na yi shiru.

Yaƙi ya ƙare a 1945, amma bariki bai tashi ba. Sannu a hankali mayaƙan suka kawo matansu da 'ya'yansu, aka yi gidaje da kanti da silima da makaranta, har wurin ya zama wani ɗan garin Amurka cikin shingen waya. Shi kuwa ya bar guga ya shiga gareji, ya zama makaniki. A 1956 Maroko ta sami mulkin kai, garin ya koma sunansa Kenitra. Ya ce kullum da safe ya kan ga motar 'yan makaranta ta wuce, ya bi ta da kallo, domin shi ba a taɓa sa shi makarantar boko ba. Turancinsa duk a baki ya tsaya.

A 1977 Amurkawa suka miƙa barikin ga gwamnatin Maroko, suka tafi. Zama na shekara 35 ya watse kamar kasuwa da magariba. Na ce, "Baba, me suka bar maka?" Ya buɗe tafin hannunsa, ya ce, "Sana'a." Da ita ya buɗe ɗan garejinsa, ya sa 'ya'yansa duka makaranta.

Sa'an nan ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ninkinta duk ya tsage. Takardar shaida ce da shugaban gareji ya ba shi ran sallama. Ya ce, "Ɗana, karanta mini." Na soma karantawa, na tsallake kalma guda, sai ya ɗaga yatsa ya gyara mini. Ashe ya haddace ta tuni, so ya ke kawai ya sake jin ta a bakin baƙo. Na koma farko, na karanta a hankali har ƙarshe. Ya ninke abarsa, ya hana ni biyan kuɗin shayi, muka yi sallama.