Dokki, Unguwar da Ake Auna Ƙanshi

Jama'a, yawancin mutanenmu da suka taka Alƙahira, in sun komo, labarin Azhar suke ba mu, da masallacin Sayyidina Husaini, da kasuwar Khan Halili inda masu turare ke shafa wa baƙo a bayan hannu har ya rasa wanda zai zaɓa. Waɗannan duka a gabashin Kogin Nilu suke. Yau muna so mu ƙetare da ku yamma, zuwa wata unguwa da ake kira Dokki, domin abin da ake yi a can ya shafi kowane mai sayar da turare a zangonmu.

In mutum ya tashi daga dandalin Tahrir, sai ya hau gadar Ƙasrul Nil mai zakoki huɗu na tagulla, ya ratsa tsibirin Jazira, ya sake hawa wata gada, to ya shiga Dokki ke nan. Wanda ba ya son tafiyar ƙafa kuwa, tun 1999 jirgin ƙarƙashin ƙasa yake bi ta ƙasan kogi ya sauke shi can. A wajen mulki unguwar tana cikin lardin Giza. Ba ta da tsofaffin lunguna irin na wajen Azhar, sai benaye da ofisoshin jakadu da motoci ba iyaka. Amma ta daɗe tana unguwar masana aikin gona. A nan aka buɗe Gidan Tarihin Noma cikin 1938, a fadar Gimbiya Fatima, 'yar Isma'il Basha. A nan kuma Cibiyar Bincike ta Ƙasa take, wadda aka kafa cikin 1956, tana da sashe guda na tsire-tsiren magani da na ƙanshi. Wani ɗanmu da ke karatu a ƙasar shi ya yi mana jagora, ya kuma yi mana tafinta.

Man ƙanshi ba irin man gyaɗa ba ne da ake matsewa. Larabawa suna kiransa mai mai tashi, don in an bar shi a buɗe sai ya bi iska. Yadda ake raba shi da ganye kuwa, duk matar da ta taɓa dafa dambu ta san rabin aikin. Ana zuba ganye a tukunya mai huda kamar madambaci, ruwa na tafasa daga ƙasa, tururi ya ratsa ganyen ya kwashe ƙanshin. Sa'an nan, maimakon a bar tururin ya tafi, sai a bi da shi ta bututun da ruwan sanyi ke kewayawa, ya koma ruwa ya ɗiga cikin kwalba. Man ya taso sama, ruwan ya kwanta ƙasa. Shi ma ruwan ba a zubarwa. Ruwan wardi da hajiyoyinmu ke sayowa ta haka ake samunsa. Ba sabuwar dabara ba ce. Tun ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi a kanta a Bagadaza, da hanyoyin haɗa turare fiye da 100.

To, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ƙanƙantar abin da ke fitowa. A ɗakin gwaji sukan sa giram 100 na busasshen ganye cikin kwalbar gilashi, a dafa kamar sa'a uku, man da za a samu sau da yawa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Akwai wani ganye da Masarawa ke kira itir, ana nomansa a Bani Suwaif da Fayyum, Masar kuwa tana cikin manyan masu sayar da mansa a duniya. Tan guda na ɗanyensa ba ya ba da abin da ya wuce kilo 1 zuwa 2. Kanumfari ne mai kyauta, shi yakan ba da kamar kilo 15 cikin 100.

Furen yasmin ya fi su duka wuya, don ba ya jure tururi. A wani ƙauye, Shubra Balula, cikin lardin Garbiyya, wajen kilomita 100 arewa da Alƙahira, mutane sukan fita gona tsakar dare da fitila a goshi, su yi ta tsinka da hannu ɗaya ɗaya har hantsi bai yi ba, domin da dare furen ke buɗewa, rana kuwa tana kore ƙanshinsa. A jiƙa shi cikin wani sinadari, a fitar da abu mai kama da kakin zuma, kimanin kilo 3 daga tan guda, a sake tacewa ya ragu zuwa wajen rabi. Galibinsa Turai ake kai shi, musamman Faransa.

Yanzu ku yi lissafi da kanku, ku da kuka fi mu sanin ciniki. Ƙaramar kwalbar da ake sayarwa a bakin masallaci ran Juma'a da kuɗin kokon safe, an rubuta mata yasmin, yaya za ta zama daga fure? Haɗin masana'anta ne. Mu dai ba mu ga laifinsa ba, yana da ƙanshi, talaka ma ya samu ya shafa ya je Juma'a. Laifin yana ga wanda ya saya da kuɗin na ainihi, ko ya sayar da rantsuwa cewa na ainihi ne. Masu bincike a Dokki suna da na'urar da ke rarrabe mai, ta nuna kowane sinadari da yawansa a takarda, algus ba ya ɓuya gare ta. Ba kowa ke da na'ura ba, amma ga gwajin da kowa zai iya a shagonsa: a ɗiga man a farar takarda, a bar shi ya kwana. Yawancin man ganye na ainihi yakan tashi ba ya barin maiƙo. In an sirka shi da man gyaɗa ko wani mai, tabon zai zauna. Wannan yana kama sirki ne kawai, ba ya raba na fure da na masana'anta.

Wani abu kuma, da muka dubi tsire-tsiren da suke bincike a kansu, sai muka ga 'yan gidanmu: ɗaɗɗoya, na'ana'a, da ciyawar shayin nan mai ƙanshin lemo da ke bayan ɗakin kowa. Har wa yau, cittar Kaciya da Kafancan, buhu buhu ake fitar da ita busasshiya, a tatse manta a wasu ƙasashe, kilo 1 zuwa 3 cikin kilo 100. Tukunyar tatsar ba ta gagari maƙeranmu na Kumasi ko Kano ba. Abin da mai saye na waje ke nema kafin ya biya shi ne takardar gwaji.

Ga masu son amfani da shi a gida, dattawanmu, a kiyaye: mai ƙarfi ne ƙwarai, ba a sha, ba a ɗiga wa jariri. In za a shafa, a gauraya ɗigo biyu ko uku cikin babban cokali na man kaɗe ko man kwakwa. Man kanumfari yana kwantar da ciwon haƙori na ɗan lokaci, in ya yi yawa kuwa yana ƙona dasashi. A ajiye shi cikin kwalba mai duhu, a toshe sosai, nesa da rana da hannun yara.