Daga Waigi Zuwa Sitiyari

A ƙauyenmu da ke gefen hanyar Dambatta, tun muna yara gona ba ta isar kowa. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, babu saura babu daji, duk inda ka taka na wani ne. Uba ya rasu a raba gado, kowane ɗa ya tashi da 'yan kunyoyin da ba za su riƙe shi wata huɗu ba. Shi ya sa da an kai amfani gida maza ke watsewa neman na cefane. Wasu su kora jakuna su kai itace birnin Kano su dawo da taki a mangala, wasu ɗinki, wasu fatauci. Amma yaron da ya buɗi baki ya ce shi mota zai bi, wannan ya ɗauko babbar magana, sai manya sun zauna a kanta.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka bi mota a ƙarshen zamanin gyaɗa. Daga bakinsa na ji yawancin abin da zan faɗa, sauran kuma na gani da idona.

Kakana ne ya kama hannunsa wata ranar Lahadi, ranar kasuwar Dambatta, ya kai shi wurin wani direban bodin katako da aka san asalinsa, da ƙullin goro a aljihu. Ya ce, "Malam, ga amana na kawo maka. Ka sanar da shi abin da Allah ya sanar da kai. In ya kauce, ɗanka ne, ka gyara shi." Aka shafa fatiha. Wannan ita ce takardar shiga makarantar, ita ce kuma kuɗin makarantar.

Abin da aka fara danƙa masa shi ne waigi, guntun katakon nan mai kauri mai mariƙi, wanda ake cusawa a bayan taya don kada mota ta gangara. Wanda bai san mota ba zai raina shi. To ka ɗauka bodi ce maƙil da buhunan gyaɗa, ta kama hawa, inji ya gaza, birki kuma ba abin yarda ba ne. Direba zai ƙwala kira, "Waigi!" Kafin ya rufe baki yaron mota ya diro daga saman kaya, ya bi gefen motar a guje, ya cusa katakon ƙarƙashin tayar baya, ya janye hannunsa da ƙafarsa cikin ƙiftawar ido. In ya makara, mota da kaya da mutanen da ke kai sun tafi. Kawu ya ce a nan ya fara sanin nauyin mota, tun bai taɓa zama a kujerar gaba ba, kuma wannan tsoron bai bar ƙirjinsa ba har ya ajiye tuƙi.

Shekara biyu cur bai taɓa sitiyari ba sai dai in zai goge shi. Shi ne wankin mota, shi ne zuba ruwa a lagireto, shi ne duba baƙin mai da asuba, shi ne ɗaure tamfol da igiya. Taya ta yi faci a tsakar dare, shi zai shiga ƙarƙashi da jak. A tasha maigida ya tafi masauki, shi ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane. Ana ce wa irinsu karen mota, sunan yana da ciwo, amma a cikin wannan wahalar karatun yake. Ya iya zaga mota da guntun ƙarfe yana ƙwanƙwasa tayoyi, daga amon kowace ya san wadda iskarta ta ragu. Yana zaune a kan kaya, kunnensa na kan inji, har ya kai kafin maigida ya sauya giya shi ya riga ya sauya ta a zuciyarsa.

Sannan aka fara sakar masa igiya kaɗan-kaɗan. Yau ya tayar da mota ta yi ɗumi, gobe ya matsar da ita cikin tasha. Ribas kaɗai ya ci masa watanni. Daga nan sai mota ba kaya a hanyar burji, maigida na gefe yana koya masa taka kuloci sau biyu, domin giyar motocin da ba ta shiga da garaje. Kaya kuwa sai can daga baya. Akwai ƙa'ida guda da ya ce an nanata masa har ya gaji da ji: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Mai sakin mota a gangara yana dogaro da birki, ranar da birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, ba shi da wurin kai ƙara.

Lasin shi ne abu na ƙarshe. Sai da maigida ya gamsu, sannan ya ɗauke shi da kansa zuwa Kano wurin jami'in gwajin mota, wato VIO. A cikin babbar motar aka gwada shi. Ya yi baya tsakanin ganguna, ya tsaya a kan tudu ya tashi ba tare da motar ta zame ba, aka nuna masa alamomin hanya ya faɗi ma'anarsu. Ya ci. Amma a wurin masu motoci wannan takarda rabin shaida ce. Tambayar farko da attajiri zai yi kafin ya miƙa makulli ita ce, "Yaron wa ne?" In direba ya yi ɓarna a hanya, sunan wanda ya yaye shi ake kira a tasha. Don haka babu ubangidan da ke gaggawar yaye yaro.

Bai daɗe da samun lasin ba aka sauya hannu. Ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, kamar maƙwabtanmu Nijar da Kamaru. Tsofaffin direbobi suka wayi gari 'yan koyo. Motocin da ke hannunsu sitiyarinsu a dama yake, don haka mai son wuce wata mota ba ya ganin abin da ke tahowa. Sai yaron mota ya zauna a kujerar hagu ya zama idon maigidansa, shi ke cewa "shiga" ko "dakata". Ran direba yana bakin yaronsa, ka ga kuwa dole ya zama yaron da aka sani ciki da bai.

Bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, lodi ya koma hatsi da shanu da albasa da siminti. Motoci suka ƙara girma, ga roka ga tirela, har ana harhaɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu. Tafiya ta miƙe zuwa Legas ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba. Koyon dai bai sauya ba.

Ba zan ce zamanin nan ba shi da aibi ba. An doki yara dukan da bai kamata ba. Akwai iyayen gidan da suka riƙe yaro shekara goma suna cin guminsa ba su yaye shi ba. Direba yana iya tsufa idonsa ya raunana, ba mai duba shi. Ana ɗora mutane a kan kaya, kuma wasu sun sha ƙwaya don korar barci. An binne mutane da yawa saboda waɗannan. Kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a shugabancinta na farko, abu ne da ƙasa take buƙata. Ƙa'idojin yau masu kyau ne. Sai ka bi ta makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, VIO ya gwada ka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Mai neman lasin motar haya sai ya kai shekara 26, ya kawo shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, tirela kuma ajinta daban, ajin G. Da kawu ya ga irin wannan duba lafiyar a zamaninsa, da ya yi murna.

Abin da ke damuna shi ne, makarantun tuƙin da nake gani a yankinmu ƙananan motoci ne da su. Kamfanin Dangote yana da makarantar koyon tirela a Obajana ta Jihar Kogi, amma ina ɗan manomin Kunchi ko Tsanyawa ko Makoɗa ina Obajana? Har gobe ta bayan mota yake shiga, sai dai shekarun koyon sun ƙanƙance. Mai mota ya ci bashi ya saya, yana son ta yi ta juyawa dare da rana. Direba kuɗin sawu yake ci, yana neman wanda zai karɓe shi ya runtsa. Sai a miƙa wa yaro sitiyari tun bai nuna ba.

Bara a wata tashar lodi na tsaya ina kallon wani saurayi yana fama da tirela, ya yi baya sau biyar bai daidaita ta ba. Da ya sauko na ce, "Samari, shekararka nawa a bayan mota?" Ya ce, "Baba, wata takwas." Na ce, "Lasin fa?" Ya ce, "Oga ya ba wani kuɗi, ya kawo min." Yaro ne mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ni, kuma a daren nan zai ɗauki hatsi ya nufi Kudu. Na kwana ina tunaninsa, da shi da waɗanda zai haɗu da su a hanya.

Hatsin da ke fita daga kasuwar Dawanau kullum, 'ya'yan ƙauyukanmu ne ke jan sa. Ina roƙon gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin haya ta NARTO su haɗa kai a samar da filin koyon babbar mota a wannan yanki, ko a Bichi ko a Dambatta, a ɗauki tsofaffin direbobin da suka rage su koyar, a rubuta shekarun da yaro ya yi a bayan mota da sunan wanda ya koya masa, gwaji kuma a yi shi da tirela mai kaya. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya ce mota zai bi, ku kama hannunsa ku kai shi da kanku, ku ga fuskar wanda za ku ba amanar.