Hutuna a Kumasi

Bayan ƙaramar Sallah na tashi daga Sabon Ibadan a mota, ta Kwatano da Lome, har Kumasi a Gana, wurin abokaina na makarantar allo.

Sun zaga da ni kasuwar Kejetia da fadar Manhyia ta sarkin Asante. Kyau kam akwai. Amma Zango ne ya tsaya min a rai. Hausarsu ta sha yaren Asante, kamar yadda tamu ta sha Yarbanci.

Mahaifin abokina ya ba ni labarin korar baƙi ta 1969, yadda maƙwabtansu suka karyar da gidajensu suka taho Najeriya. Shi haifaffen Kumasi ne, ya yi furfura a can, amma har gobe ana tambayarsa ina ne garinsu. Wallahi ko jiya an yi min wannan tambayar a kasuwar Bodija.