Ƙanƙara: Labari na nan, saura kyamara

Mai karatu, in ka shiga Ƙanƙara, garin farar ƙasa, kar ka tsaya kasuwa kawai. Ƙarasa sakandaren kimiyya, inda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020. Ka zarce Faskari da Sabuwa, manoma su ba ka labarin gonakin da tsoro ya raba su da su.

To 'yan fim, ai irin wannan bukukuwan finafinai ke nema. Zuma a Abuja, KILAF a Kano, FESPACO a Wagadugu, duk suna karɓar gajeren fim. Minti goma ya isa uwa ta faɗi yadda ta yi kwana shida ba ta runtsa ba, har aka sako ɗanta. Ba rawa, ba waƙa. Furodusoshi, wa zai fara?