Ranar 1 Ga Mayu Da Ruwan Farko: Abin Da 'Ya'yanmu Na Abuja Ba Su Sani Ba



Duk shekara idan 1 ga Mayu ta zo, mu mazauna Abuja mun san abin da za a yi. Ofisoshi a rufe, ƙungiyoyin ƙwadago su yi fareti a dandalin Eagle Square, mu kuma mu samu damar yin barcin safe. Yara suka tambaya sai mu ce ranar ma'aikata ce, shi ke nan. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ce ta fara ba da wannan hutu a Kano a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, kuma tushensa gwagwarmayar ma'aikatan Chicago ta Amurka ce a 1886.

To amma a ƙasashen Birtaniya da Ailan, ranar ta girmi maganar ƙwadago nesa ba kusa ba. Rana ce ta murnar fita daga sanyi. A ƙauyukan Ingila ana kafa dogon itace a fili, a ɗaura masa ƙyallaye masu launi, yara su riƙe su suna rawa suna zagaya shi, a kuma zaɓi wata yarinya a naɗa ta sarauniyar Mayu. Mutanen Ailan makiyaya ne, nasu bikin sunansa Bealtaine, kuma har yau da wannan suna suke kiran watan Mayu a harshensu. A da can suna hura wuta biyu, su kora shanu ta tsakaninsu kafin a tafi da su mashekarin ciyawa, wai don kariya daga cuta. Ranar 1 ga Fabrairu kuwa ta Waliyya Brigid ce, suna saƙa ƙaramin gicciye da ciyawar fadama su rataya a gida. A 2023 gwamnatinsu ta mai da bikin hutun ƙasa.

Ba sha'awar gicciye ko rawar itace ta sa muka kawo wannan ba. Wani abu ne ya faru a zamanmu na wata-wata. Ana cikin hira, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, sai wani dattijo a cikinmu ya tambayi jikansa wane lokaci ne na shekara muke ciki. Yaron, ɗan aji biyar, ya jero yanayi huɗu na Turawa tsaf, har da lokacin da ƙanƙara ke rufe ƙasa. Aka ce to faɗa mana da Hausa. Ya yi shiru. Bazara, damina, kaka, hunturu: ko ɗaya bai kawo ba. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin kowa ya tuna nasa na gida.

Alhali mu ma muna da namu lokacin jiran, kuma ya fi nasu zafi. Bature sanyi yake jira ya wuce, mu ruwa muke jira ya zo. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano, Katsina ko Maraɗi ya san bazara: rumbu ya ja ƙasa, rijiya ta yi nisa, dare ba ya baruwa a ɗaki. Lokacin ne ake sharar gona, a ƙona karan bara, a kai taki a mangala bisa jakuna. Mai ƙarfin hali ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah. Idan ruwa ya yi jinkiri liman ya ja maza zuwa filin idi sallar roƙon ruwa, mata su daka gumba a raba wa yara sadaka, yara kuma su zaga gari suna waƙoƙin roƙo. Ran da ruwan shuka ya sauka kuwa, kafin gari ya waye kowa ya saɓa sungumi, makarantar allo ma sai ta yi fayau. Da dare a kunna fitila a kama shinge a soya. Wanda bai taɓa jin ƙamshin ƙasa na wannan dare ba, da wuya a iya kwatanta masa.

Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan tsufa, irin buɗar dawa da Maguzawa da Arnan ƙasar Maraɗi ke yi, inda ake fita daji a dubo yadda shekara za ta kasance. Wannan kam mun bar shi, kuma ba mu yi nadama ba, domin akwai tsafi a ciki. Kuskurenmu shi ne da muka tashi zubar da tsafin, sai muka haɗa har da gayya da gumba da sunayen lokutan. Mutanen Ailan ma ai sun daɗe da barin addinin da ya haifi wutar Bealtaine, amma ba su yar da sunan ba.

Zaman Abuja ya ƙara dagula lamarin. Ruwa a nan yakan fara tun Afrilu, lokacin da 'yan'uwa a Daura ke kwana a waje saboda zafi. Yaron da ke Gwarimpa ko Kubwa abin da ya sani game da ruwan farko shi ne za a ɗauke wuta, hanyar makaranta kuma za ta cushe. Mu iyayen ma kalandar albashi muke bi. Ga maƙwabtanmu Gbagyi kuwa a Kuje da Bwari da Gwagwalada, suna ta haɗa kunyar doya a gefen titin da muke wucewa kullum da gilashi a rufe.

A ƙarshen zaman aka tsayar da magana ɗaya. Tunda gwamnati ta riga ta ba mu 1 ga Mayu kyauta, kuma a nan ta dace da farkon damina, bana za mu kwashi yaran zuwa gonar ɗaya daga cikinmu a hanyar Kuje. Iyaye mata sun ɗauki nauyin gumba, da sharaɗin a turmi za a daka ta, ba a inji ba. Dattijon nan ya ce zai zo da sungumi, kowane yaro ya sari rami ya zuba gero da hannunsa, ya rufe da diddige. Wanda ke da mota mai wurin zama ya sanar da sakatare kafin ƙarshen mako, yaran da aka rubuta sun riga sun fi kujerun da muke da su.